Wanda ya yi wa azzalumi farauta, shi ne naman gobe: abin da na gani a shirin Andor

Tun farko bari in wanke kaina. Duk wanda bai kalli shirin Andor ba kuma yana da niyyar kallo, to ya sani zan fasa masa ƙwai, domin ba zan iya faɗin abin da ke raina ba sai na taɓo ƙarshen labarin.

Ni dai ba ma'abocin fina-finan almarar kimiyya ba ne. A da, da zarar na ga jiragen sama jannati suna harbin juna da haske, sai in ce wannan na yara ne, in tashi. Ƙanena ne ya matsa mini a lokacin hutun makaranta. Ya ce, "Yaya, wannan ba irin wanda ka sani ba ne. Ka kalli kashi uku kacal, in bai kama ka ba ka bari." Na kalli ukun, daga nan ban tsaya ba sai da na ƙure kashi 24. Abin da ya riƙe ni kuwa shi ne wani ofis mai farin bango da dogon tebur, inda ma'aikata sanye da fararen kaya masu guga suke zaune suna tattauna yadda za a murƙushe al'umma, cikin natsuwa, kamar malamai a taron tsara jarrabawa.

Wane shiri ne wannan?

Andor shiri ne mai dogon zango daga cikin labaran Star Wars. Tony Gilroy ne ya ƙirƙiro shi, aka fara nuna shi a Disney+ a watan Satumba na 2022, zango na biyu kuma na ƙarshe ya fito a watan Afrilu na 2025. Kowane zango kashi 12 ne. Labarin ya ɗauko shekaru biyar ɗin da suka gabaci fim ɗin Rogue One na 2016. Diego Luna, ɗan ƙasar Meziko, shi ne ya fito a matsayin Cassian Andor, ɗan ƙaramin ɓarawo da ya rikiɗe ya zama ɗan tawaye.

A duniyar labarin, wata Daula ce ta mamaye duniyoyi masu yawa a ƙarƙashin sarki Palpatine, wanda ya hau mulki ta hanyar majalisa, sannan ya mayar da majalisar 'yar amshin shata. Abin mamaki, daga farkon shirin har ƙarshensa ba a nuna fuskar wannan sarki ko sau ɗaya ba. Sunansa kawai ake ambata. Waɗanda muke gani su ne masu yi masa aiki: jami'an hukumar tsaro ta ISB, alƙalai, masu gadin kurkuku, 'yan jarida, da magatakarda masu buga hatimi. Ashe dai zalunci ba ya tafiya da ƙafar azzalumi, aron ƙafafun wasu yake yi.

Bayan 'yan tawaye sun yi fashin albashin sojoji a wani sansani da ake kira Aldhani, sai Daula ta samu hujjar da take nema. Aka fito da sabuwar doka ta tsaurara hukunci, aka shiga kame ba ji ba gani. Shi kansa Cassian, wanda yana cikin 'yan fashin, ba a kan fashin aka kama shi ba. Yana tafiya ne a bakin teku da sunan ƙarya, wani soja ya ga kamar yana waige-waige, aka kai shi gaban alƙaliya, ta yanke masa shekara shida ba tare da ta saurare shi ba. Aka tura shi kurkukun Narkina 5, inda fursunoni ke yawo ba takalmi a kan daɓen da ake iya sakar wa wutar lantarki a kowane lokaci. Mai karatu ya riƙe wannan kurkuku a ransa, za mu dawo gare shi.

Syril: yaron kirki da aka yi wa rawar 'yan tsana

Mutum na farko da ya tsaya mini a rai shi ne Syril Karn. Ƙaramin jami'in tsaro ne na wani kamfani, mai son tsari, mai gyara wuyan rigarsa kullum. Lokacin da Cassian ya kashe ma'aikata biyu, shugaban Syril ya ce a rufe maganar, a rubuta cewa haɗari ne. Syril ya ƙi. A ganinsa doka doka ce. Ya kwashi mutane ya tafi garin Ferrix kamo mai laifi, abin ya watse, aka kore shi daga aiki, ya koma ɗakin mahaifiyarsa yana shan gori safe da yamma.

Syril ba mugu ba ne irin na tatsuniya. Bai cin hanci, bai ƙarya don neman abin duniya. Ya yarda har zuciyarsa cewa Daula ita ce zaman lafiya, kuma duk mai adawa da ita ɗan tada zaune tsaye ne. Wannan imanin ne ya sa aka ga ya dace da wani aiki. A zango na biyu, Daula tana son wani ma'adini mai suna kalkite da ke ƙarƙashin ƙasar duniyar Ghorman, ƙasar masaƙa masu alfahari da tufafinsu da harshensu. Haƙo shi zai iya rusa duniyar baki ɗaya, saboda haka dole a kawar da mutanen. Amma ta yaya za a yi haka duniya ba ta yi ca ba? Darakta Orson Krennic ya tara manya a wani keɓaɓɓen gida a kan tsauni, ana shan shayi ana cin ƙwalam, ana tsara yadda za a shafa wa mutanen Ghorman baƙin jini a kafafen watsa labarai. Gilroy ya bayyana cewa ya ɗauko siffar wannan zama ne daga taron Wannsee na Janairun 1942, inda manyan jami'an Nazi a Jamus suka tsara kisan ƙare dangi a kan Yahudawa.

A wannan zama ne wata jami'ar ISB, Dedra Meero, ta kawo shawarar da ta fi ta kowa kaifi. Ta ce farfaganda kaɗai ba za ta isa ba, ana buƙatar 'yan tawayen gida waɗanda za a iya tunzurawa su yi abin da zai ba da hujjar murƙushe su. Wa za a tura ya shiga jikinsu? Syril, wanda a lokacin shi ne masoyinta, suna zaune gida ɗaya. Ta ce masa aikinsa shi ne jawo 'yan tada fitina na waje su faɗa tarko. Ta ɓoye masa cewa tarkon na dukan al'ummar ne.

Ranar da aka buɗe dandalin birnin Palmo, jama'a suka cika shi suna waƙar ƙasarsu, sai aka toshe hanyoyin fita. An jera sababbin kuratan soja waɗanda ba su san komai ba a gaban taron. Daga nan wani maharbi na Daula da ke ɓoye a saman bene ya harbe ɗaya daga cikin kuratan nan, nasu na kansu, don a ce masu zanga-zanga ne suka fara. Aka buɗe wuta. A cikin wannan hargitsi Syril ya gane shekarun da ya yi yana hidima, ashe itace yake tarawa don ƙona mutanen da suka karɓe shi a gidajensu. Ya shaƙe Dedra har sai da ta faɗa masa gaskiya, ya fita cikin taron kamar wanda ya zauce. Can ya hango Cassian, mutumin da ya daɗe yana ɗora wa alhakin lalacewar rayuwarsa, ya afka masa. Da ya samu galaba ya ɗaga bindiga, sai Cassian ya dube shi ya tambaye shi ko shi wane ne. Bai ma san shi ba. Kafin Syril ya farfaɗo daga wannan tambaya, wani dattijon Ghorman da ya taɓa amincewa da shi ya harbe shi.

Dedra: mai dokar barci

Ita Dedra fa? Ita ce ta fi kowa ƙwazo a ofishin nan mai farin bango. A gidan renon Daula ta tashi bayan an kama iyayenta tana ƙarama, don haka ba ta san wata uwa ko uba ba sai Daula. Ita ce ta fara gano cewa sace-sacen kayan soja da ake yi nan da can ba aikin ɓarayi barkatai ba ne, akwai hannu ɗaya a bayansu. Ta sa a azabtar da mutane, ta ba da umarnin fara kisan Ghorman da bakinta, ta rasa masoyinta a ranar, duk ba ta juya baya ba.

Daga ƙarshe ta gano mutumin da take nema: Luthen Rael, mai shagon sayar da kayan tarihi a babban birnin Coruscant. Ta tafi kama shi da kanta, ba da izini ba, domin an riga an miƙa binciken ga Heert, tsohon mataimakinta. Luthen ya daɓa wa kansa wuƙa a gabanta. Sannan aka gano cewa wani abokin aikinta ya yi amfani da lambar sirrinta ya karanta takardun da ta tara, har ya san labarin babban makamin da Daula ke ginawa a ɓoye, wato Tauraron Mutuwa.

Daga nan tsintsiya ta juyo cikin gida. Heert, yaron da ta rena a aiki, shi ya zo ya kama ta. Krennic ya titsiye ta kamar 'yar tawaye. Ko a cikin ɗakin tsaro ba ta fasa biyayya ba, har shawara ta ba su kan yadda za su gano mataimakiyar Luthen. Bai amfane ta da komai ba. Heert ya mutu a wajen farautar. Shugabansu Manjo Partagaz, dattijo mai sanyin murya wanda ya ɗauki aikin tsaro kamar aikin likita mai kawar da cuta, da aka aiko a tafi da shi ya amsa tambayoyi, sai ya roƙi a ba shi ɗan lokaci shi kaɗai. Daga waje aka ji ƙarar bindiga. Ya san abin da ke jiransa, domin shi ya sha aika wasu can. Ita kuwa Dedra, ganinmu na ƙarshe da ita, tana zaune a ɗan ƙaramin ɗaki sanye da kayan fursuna, a kurkuku irin na Narkina 5, tana kuka. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Shi ma Krennic bai tsira ba: a fim ɗin Rogue One, makamin da ya ƙare rayuwarsa yana ginawa, da shi aka harbo sansanin da yake ciki.

Mai karatu kada ya ce wannan ƙirƙira ce ta marubuta. A Tarayyar Sobiyet, Genrikh Yagoda ya shugabanci 'yan sandan asirin Stalin, aka harbe shi a 1938. Nikolai Yezhov da ya gaje shi, wanda ya jagoranci kame da kisan 1937 da 1938, shi ma aka harbe shi a 1940, har aka goge shi daga hoton da suka ɗauka da Stalin. A tarihinmu na Musulmi ma akwai Abu Muslim al-Khurasani, wanda ya jagoranci yunƙurin da ya kifar da Banu Umayya ya ɗora Abbasiyawa a 750. Shekara biyar bayan haka, a 755, Halifa al-Mansur ya gayyato shi fada ya sa aka kashe shi. Dalilin iri ɗaya ne a ko'ina. Wanda ya yi wa mai mulki ƙazamin aiki ya san sirrinsa, kuma ya nuna cewa ya iya. Waɗannan biyun sun isa su hana mai gida barci.

Ɓangaren masu gaskiya ma akwai jini

Da shirin ya tsaya a nan, da na ce wa'azi ne mai sauƙi: miyagu sun ga sakayya, a tashi. Amma bai bar 'yan tawayen sun fita da fararen riguna ba, kuma a nan ne ya hana ni sukuni.

Abokin aikin Dedra da ya saci sirrin, sunansa Lonni Jung. Shekara da shekaru yana cikin ISB yana yi wa Luthen leƙen asiri. Tun a zango na farko, da aka haifa masa 'ya, ya roƙi a sallame shi. Luthen ya ƙi. A wannan haɗuwa Lonni ya kawo labarin cewa an shirya wa wani ɗan tawaye, Anto Kreegyr, kwanton ɓauna shi da mutanensa gommai. Luthen ya zaɓi ya yi shiru ya bar su su mutu, domin in aka gargaɗe su, ISB za ta gane akwai ɗan leƙen asiri a cikinta. Da Lonni ya tambaye shi shi me ya sadaukar, Luthen ya amsa da cewa ya rasa natsuwa da ƙauna da mutuncin kansa, ya koma yaƙi da makaman maƙiyinsa, don wata safiya da ya san ba zai gan ta ba.

Haka ya yi da Tay Kolma, abokin ƙuruciyar Sanata Mon Mothma, wanda ya taimaka mata ɓoye kuɗin da take ba 'yan tawaye. Da harkokinsa suka karye ya fara ƙorafin a biya shi, sai Luthen ya ga bakinsa zai iya buɗewa. A ranar bikin 'yar sanatar aka tafi da shi a mota, ba a sake ganinsa ba. Mon Mothma ta san abin da ake shirin yi, ba ta hana ba. Ta shiga fili ta yi ta rawa kamar wadda ta fita hayyacinta.

Shi kuwa Lonni, ranar da ya kawo labari mafi girma a rayuwarsa, ya zauna da Luthen a kan benci ya roƙi a fitar da shi da matarsa da 'yarsa. Luthen ya karɓi labarin. Bayan ɗan lokaci aka tsinci gawar Lonni a zaune a kan bencin.

Sai Kleya, yarinyar da Luthen ya tsinta tana ɓoye a jirgi lokacin yana soja, a ranar da rundunarsa ke karkashe mutanenta. Shi ya rene ta, ita ce ta zama hannun damansa. Da aka kwantar da shi a asibiti ana ƙoƙarin ceto ransa don a tatsi bayanai, ta yi shigar ma'aikaciyar jinya, ta kutsa har ɗakinsa, ta cire na'urar da ke riƙe da numfashinsa, ta sumbaci goshinsa ta fita. Cin amana ne wannan ko cika alkawari? Na kwana biyu ina juya tambayar.

Ga inda na tsaya. Luthen da Dedra duka sun zubar da jinin na kusa da su, kuma a matsayina na Musulmi ban ga hanyar wanke kisan Lonni ko na Tay ba. Kyawun manufa ba ya halatta jinin wanda ya amince da kai. Amma akwai bambanci ɗaya da ba zan ɓoye ba. Luthen ya san abin da yake yi laifi ne, ya kira shi da sunansa, bai taɓa cewa umarni aka ba shi ba. Dedra da Partagaz kuwa sun miƙa wa Daula lamirinsu gaba ɗaya, suka ɗauka cewa tunda daga sama abin ya zo, hannunsu a wanke yake. Addininmu bai yarda da wannan ba. Mun taso muna jin malamai na karantar da cewa biyayya ga shugaba tana da iyaka, iyakarta kuwa saɓon Mahalicci. Kuma a ƙissar Annabi Musa, Alƙur'ani bai ɗora laifi a kan Fir'auna shi kaɗai ba, ya haɗa da Hamana da rundunoninsu. Na shiga ban ɗauka ba, ba ta fid da ɓarawo.

Takardar sunayen masu surutu

Abin da ya sa wannan shiri ya dame ni har na ɗauki alƙalami, wani abu ne da ya faru a ajina. A shekarar da na fara koyarwa, na naɗa wani yaro monita, na ba shi aikin da kowa ya sani: in na fita, ya rubuta sunayen masu surutu. Yaro ne mai tsabta da son a yabe shi. Ya riƙe aikin da gaske, har babban abokinsa, wanda suke zuwa makaranta tare daga zango, bai ƙyale ba. Ni kuwa ina ta yaba masa a gaban aji. A hankali yara suka daina wasa da shi. Lokacin tara sai in gan shi shi kaɗai a gindin bishiya, ban kawo komai a raina ba.

Wata rana shugaban makaranta ya wuce ya ji ajin ya kaure da hayaniya ba na nan, ya kira ni ya yi mini faɗa. Na dawo a fusace. Wa na fara huce haushina a kansa? Monita. Na sauke shi a gaban kowa, na sa shi sharar aji mako guda. Ajin ya fashe da shewa. Bayan an tashi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Malam, ai duk abin da ka ce in yi shi na yi." Na ce ya wuce ya ba ni wuri.

Na manta da wannan magana shekaru da yawa, sai ranar da na ga Dedra a ɗakin kurkuku. Ban kashe kowa ba, aji kuma ba daula ba ne, amma ƙirar ɗaya ce. Na raba yaro da abokansa don in samu sauƙin aiki, na koya masa cewa yardar mai iko ta fi zumunci, sannan da wuta ta taso ni, shi na fara jefawa ciki. Ashe ba sai mutum ya mallaki runduna yake zama ƙaramin Palpatine ba. Ya isa a ce akwai wani a ƙarƙashinka da ke neman yardarka.

Yanzu na daina ba da takardar sunaye. In aji ya yi surutu, ni da su ne, mu zauna mu warware. Monita aikinsa ya kula da alli da rajista, ya kuma kawo mini kukan 'yan ajin in suna da shi.

Ga matasanmu masu shiga aikin ɗamara, da masu bin 'yan siyasa a lokacin zaɓe, da duk wanda wani babba ya taɓa ce wa "kai nawa ne, je ka yi mini kaza", ina ba ku shawarar ku nemi wannan shiri ku kalla, ku sa ido a kan mutanen ofishin nan mai farin bango. Kafin ka aikata abin da aka sa ka, tambayi kanka ko za ka iya tsayawa a kansa ranar da wanda ya aike ka ya ce bai san ka ba. Mu kuma da Allah Ya ɗora wa kula da wasu, ko 'ya'ya ne ko ɗalibai ko yaran shago, mu ji tsoron Allah a kan biyayyar da suke yi mana, domin amana ce.

Yaron nan yanzu ya girma, yana sana'arsa a kasuwa. Ranar Juma'ar da ta wuce na je har rumfarsa na ba shi haƙuri. Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, ai ya wuce." Amma bai ce ya manta ba.

Allah Ya tsare mu da zama makamin azzalumi, Ya kuma tsare na ƙasa da mu daga zaluncinmu.